Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugaban Hukumar Kare Bayanan Jama'a: A Duba Hanyar da Sanarwar Imel Ke Bi Kafin Ta Iso Wayoyinmu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Babbar Hukumar Kare Bayanan Jama'a ta Ƙasa, HAPDP, Yamai.

Daga Mirriya, jihar Damagaram.



Ranku ya daɗe, ni mai gyaran salula ne a garin Mirriya, bakin babbar hanyar da ta fito daga Damagaram ta nufi Gure da Diffa. Na rubuto muku da Hausa domin da ita masu wayoyi suke kawo mini kukansu, kuma kundin sake gina ƙasa na ranar 26 ga Maris 2025 ya ba ta matsayin harshen ƙasa. Na buɗe wasiƙar ga kowa saboda maganar ta shafi duk wanda ke da babbar waya a aljihu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ƙarami ne a ido: ɗan ƙaran da waya take yi idan imel ya shigo. A halin da ake ciki, ɗan Nijar da ke son jin wannan ƙara a kan lokaci dole ne, a mafi yawan lokuta, ya yarda wani kamfani na ƙetare ya riƙa sanin lokacin da aka aiko masa saƙo da manhajar da saƙon ya biyo. In ya ƙi, wayarsa ta yi shiru, saƙon da rayuwarsa ta rataya a kai ya wuce shi. Ina ganin bai kamata a bar talaka da wannan zaɓi shi kaɗai ba, kuma hukumarku tana da hurumin sa baki.

Bari in bayyana yadda abin yake tafiya, domin masu karatu su biyo mu. Mutane da yawa suna zaton manhajar imel ce take zaune tana gadin akwatin saƙo, in wani abu ya faɗo ta yi ƙara. A yawancin wayoyin Android ba haka ake yi ba. Da kowace manhaja za ta riƙe layinta a buɗe dare da rana, da batiri bai kai azahar ba. Saboda haka Google ya yi tsari guda wanda ake kira Firebase Cloud Messaging. Waya tana riƙe layi ɗaya tak zuwa manyan kwamfutocin kamfanin, waɗanda muke kira saba, duk manhajar da ke son tashin mai waya sai ta bi ta wannan layi. Apple ma yana da irin nasa tun 2009 ga masu iPhone. Ranar da aka saka manhaja, ana ba ta wata doguwar lambar shaida da ta keɓanta da ita a wannan waya. Idan saƙo ya iso, kamfanin imel ɗin ya miƙa wa Google lambar, ya ce a taɓa mai ita. Google ya taɓa wayar, wayar ta yi ƙara.

Mu mutanen Damagaram mun san irin wannan aiki tun kafin zuwan waya. A zamanin Sarki Tanimu wasiƙa kan tashi daga Birni zuwa Kukawa ko Kano a naɗe, da hatimi a jikinta. Manzon da ya ɗauke ta ba ya buɗewa. Amma ya san wanda ya aiko, ya san ƙofar da ya yi sallama, ya san ko da tsakar dare aka tashe shi, ya san sawu nawa ya yi tsakanin gidajen nan biyu a wata guda. Shi ya sa sarki ba ya aiken kowa sai amintacce na cikin gida. Yau manzon kusan kowane ɗan Nijar mai wayar Android kamfani ɗaya ne da ke Kalifoniya. Ba mu zaɓe shi ba, kuma da wuya hannun dokarmu ya kai inda yake ajiye littafinsa.

Wanda yake amfani da Gmail ya riga ya ba Google ajiyar wasiƙunsa gaba ɗaya, shi ba wani sabon abu a wurinsa. Abin damuwar shi ne mutumin da ya yi ƙoƙari ya kwashe wasiƙunsa zuwa wani kamfani mai kulle saƙo, yana ganin ya tsira, alhali ƙararrawar tana bi ta tsohuwar hanya. Ko da abin da ke cikin saƙon a kulle yake, sawunsa yana nan: lambar shaidar waya, sunan manhaja, da lokacin da aka taɓa ta. Wasu manhajojin ma sakaci ya sa suna saka sunan mai aikowa da farkon saƙon a cikin sanarwar ba tare da kulli ba.

Wannan ba zargi ba ne na masu gyaran waya. Ranar 6 ga Disamba 2023 wani ɗan majalisar dattawan Amurka, Ron Wyden, ya rubuta wa ma'aikatar shari'ar ƙasarsa cewa gwamnatocin ƙasashen waje suna neman bayanan irin wannan sanarwa daga Apple da Google a asirce. Apple ya fito ya ce an hana shi faɗa ne tun farko, kuma cikin ƴan kwanaki ya sauya ƙa'idarsa ya ce ba zai ƙara miƙa su ba sai da umarnin alƙali. A watan Fabrairun 2024 jaridar Washington Post ta gano takardun kotu sama da 130 a Amurka da aka nemi bayanan sanarwar waya da su domin gano mutane. Idan ɗan majalisar ƙasar da kamfanonin suke ciki sai da aka tsegunta masa kafin ya sani, ina ga manomin rani a lambunan Mirriya?

Akwai dalilin da ya sa wasu matasanmu suka fara neman wayar da aka cire wa kayan Google. A 2021 Farfesa Douglas Leith na Kwalejin Trinity da ke Dublin ya auna ya gano cewa wayoyin Android da iPhone suna aika bayanai ga kamfanoninsu kusan kowane minti huɗu da rabi, ko da waya tana ajiye ba a taɓa ta ba. Shekara guda kafin nan, a 2020, kamfanin tsaron waya na Upstream ya bayyana cewa an sami dubun-dubatar wayoyin Tecno W2 a ƙasashen Afirka da muguwar manhaja a cikinsu tun daga kwali, tana cin kuɗin masu su a ɓoye. Kamfanin Transsion mai yin wayar ya ce daga wani mai kawo masa kaya matsalar ta fito. Irin wannan labari yana yawo, kuma masu ilimi cikin yaranmu suna karantawa. Sai ka ga ɗalibin Jami'ar André Salifou, ko ma'aikaciyar lafiya da ke aika sunayen marasa lafiya, ko ɗan jaridar gidan rediyon al'umma, ko ma'aikacin ƙungiyar agaji, ya zo yana tambayar GrapheneOS, ko LineageOS, ko /e/OS wadda Bafaranshen nan Gaël Duval ya kafa. Dukkansu Android ne da aka sake ginawa domin rage abin da ke fita daga waya.

Hirar yau da kullum a nan ta WhatsApp ce, galibi ma da murya. Amma duk abin da ke da nauyi ta imel yake zuwa: amsar neman gurbin karatu, kiran ganawa ta neman aiki, takardar biza, kwangila, lambar tabbatar da asusu. Saƙonni ne masu wa'adi, in ya wuce ba a dawowa.

Wata Lahadi, ranar kasuwar Mirriya, lokacin da masu tukwane suka cika layinsu kuma motocin Damagaram suna ta sauke mutane, wani saurayi da ya gama digiri ya ajiye waya a kan teburina. Pixel ce ta hannu, ya saye ta a kasuwar Farm Centre ta Kano da kuɗin da ya daɗe yana tarawa, ya saka mata GrapheneOS da kansa, ya buɗe akwatin imel a wani kamfani mai kulle saƙo. Ya ce, “Malam, wayar nan ta kurumce.” Na buɗe manhajar imel ɗin, na ja allon ƙasa da yatsa, sai saƙonni suka zubo a jere. A cikinsu akwai na wata ƙungiya da ta kira shi ganawar ɗaukar aiki, ta ce ya amsa kafin wata rana. Ranar ta wuce. Wayar lafiyarta ƙalau, koneksiyo yana nan, forfe bai ƙare ba. Manhajar ce kawai ba ta san wata hanyar tashinsa ba sai ta Google, shi kuma ya cire Google. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce in mayar masa da ita yadda kowa yake amfani da ita, gara a san sirrinsa da ya rasa abincinsa. Ban ga laifinsa ba. Amma tun daga ranar nake tambayar kaina dalilin da zai sa kare sirri ya zama abin da ake biya da aikin yi.

Akwai dabarun da muke yi a teburin gyara, kuma ya kamata ku san su da iyakarsu. Ta farko tsohuwar hanya ce da ake kira IMAP IDLE, wadda aka rubuta ƙa'idarta tun 1997. A nan manhajar imel tana riƙe layi kai tsaye da sabar da akwatinka yake, ba mai shiga tsakani. Saƙo na faɗowa sabar ta sanar da ita. Manhajoji irin su FairEmail, da K-9 Mail, da Thunderbird ta Android wadda ta fito a Oktoban 2024, duk sun iya wannan, kuma ana samun su kyauta a rumbun F-Droid ba sai an shiga Play Store ba. In mutum ya kawo waya, sai in saka masa ɗaya, in rubuta adireshin sabar, in kunna karɓar saƙo nan take. Daga nan in shiga saitin batiri, in cire manhajar daga jerin waɗanda waya ke kashewa idan allo ya mutu, domin tun daga Android 6 a 2015 waya tana kwantar da manhajoji barci don tattalin caji, kuma wasu masu ƙera waya sun ƙara nasu tsanani a kai. Sai in aika masa imel daga tawa wayar, mu kife tasa a kan tebur mu jira. In ta yi ƙara, fuskarsa ta washe.

Sai dai abin da ya yi aiki a teburina ba lallai ya yi a Zarmu ko Hamdara ko Gafati ba. Da mutum ya bar gari rezo yake sauka, layin ya tsinke, manhaja ta yi ta ƙoƙarin ƙullawa, batiri yana zuba. Kamfanonin waya kuma sukan rufe layin da ya yi shiru na wani lokaci, don haka dole manhajar ta riƙa motsa shi a kai a kai, kowane motsi da kuɗinsa a caji da mega. Mutumin da yake kai wayarsa wurin mai cajin sola ya biya, kuma yake kashe koneksiyo don forfe ya kai shi ƙarshen mako, ba zai iya ɗaukar wannan nauyi ba.

Dabara ta biyu ita ce mayar da Google a ɗaure. GrapheneOS tana bari a saka kayan Google kamar kowace ƙaramar manhaja marar iko na musamman, /e/OS kuma tana amfani da wani madadi da ake kira microG. Dukkansu suna rage abin da ke fita, amma sanarwar tana bi ta sabar Google ɗin dai. Ga kuma tsada: an gina GrapheneOS ne a kan wayoyin Pixel, waɗanda ba a cika samu a kasuwanninmu ba. Dabara ta uku ita ce zaɓar kamfanin da ya gina tasa hanyar. Tuta na Jamus ya rabu da sanarwar Google tun 2018. Proton na Suwizalan, duk da sunansa wajen kulle saƙo, ya daɗe yana dogaro da Google wajen tashin masu Android. Signal kuwa ya ɗauki hanya mai kyau: abin da yake aikawa ta Google taɓawa ce kawai ba komai a cikinta, wayar ce take zuwa ta ɗauko saƙon da kanta, kuma in babu Google yana riƙe nasa layin. Akwai kuma wani buɗaɗɗen tsari mai suna UnifiedPush, wanda yake ba mutum damar zaɓar sabar da za ta riƙa tashinsa, layi ɗaya ga manhajoji da yawa; manhajar ntfy da ake aiki da ita a wannan tsari kyauta ce, kuma ƙaramar kwamfuta ma tana ɗaukarta.

Ke nan, ranku ya daɗe, fasahar tana nan a shimfiɗe, ba sai mun ƙirƙiro ba. Abin da ya rage shi ne hukumar da za ta ce a yi amfani da ita.

Bayan sirri akwai maganar dogaro. A watan Mayun 2019 gwamnatin Amurka ta saka kamfanin Huawei a jerin waɗanda aka hana hulɗa da su, sababbin wayoyinsa suka fara fita babu kayan Google, manhajoji da yawa suka daina sanarwa a cikinsu. Shawara ce da aka yanke a Washinton, ta taɓa aljihun mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Mu a nan ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kan wannan. A watan Agustan 2023, bayan takunkumin ƙungiyar CEDEAO, an yanke wutar da ke zuwa mana daga Nijeriya, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar take amfani da shi, Damagaram da Maraɗi suka ɗanɗana kuɗarsu. Mun koyi cewa kayan aro ba ya rufe katara. Ƙasar da ke maganar cin gashin kanta ya kamata ta tambayi kanta abin da zai faru da bankunanta da asibitocinta da ofisoshinta ranar da aka rufe mata wannan layi ɗaya.

Dokar da ta kafa hukumarku, mai lamba 2017-28 ta ranar 3 ga Mayu 2017, da wadda ta biyo bayanta mai lamba 2022-59 ta ranar 16 ga Disamba 2022, sun ɗora muku kare bayanan ɗan ƙasa. Nijar kuma tana cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka, wadda ta fara aiki a watan Yunin 2023. Bisa wannan nake miƙa muku roƙo shida.

Na farko, ku fito fili ku bayyana cewa lambar shaidar sanarwa da lissafin lokutan da aka taɓa waya bayanan mutum ne da doka ta kare. Daga nan ku umarci duk mai manhaja a ƙasar nan, bankuna da kamfanonin aika kuɗi da asibitoci, kada su saka suna ko adadin kuɗi ko sakamakon gwaji a cikin sanarwar da za ta ratsa sabar ƙetare. Su aika taɓawa kawai, wayar ta ɗauko sauran ta layi mai kulli. Wannan gyara ne na ƴan kwanaki ga mai rubuta manhaja, kuma ba ya cin kuɗin gwamnati.

Na biyu, a gyara imel ɗin hukuma. Sau da yawa sanarwar ɗaukar aiki ko ta gasa takan fito da adireshin akwatin kyauta na wani ma'aikaci, a ce ɗan ƙasa ya aika takardar haihuwarsa da katin ɗan ƙasa da hotonsa can. Kowace ma'aikata da kowace jami'a ta kasance da adireshi a ƙarƙashin .ne, sabarta a cikin ƙasa, kuma mai karɓar IMAP IDLE, domin ɗalibi ko ma'aikaci ya ji saƙonsa da kowace irin manhaja ya ga dama. Duk kiran da ke da wa'adi kuma a haɗa shi da gajeren saƙon SMS mai cewa a duba akwati, tunda shi yana shiga har ƙaramar waya mai madannai a ƙauyen da rezo bai da ƙarfi.

Na uku, duk manhajar da gwamnati ta biya kuɗi aka yi, a sharɗanta cewa za ta yi aiki a wayar da babu Google, kuma za a iya sauke ta daga shafin hukuma kai tsaye. Ku haɗa kai da hukumar ANSI mai kula da fasahar zamani a kafa sabar UnifiedPush a cibiyar ajiyar bayanai ta ƙasa da ke cikin aikin wayar intanet mai ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya tallafa. A bar jami'o'i su kafa nasu. Ɗaliban kwamfuta a Damagaram za su iya riƙe irin wannan aiki, kuma zai koya musu abin da allo ba zai koya musu ba. In Mali da Burkina Faso suka shigo ta ƙawancen AES, nauyin zai ƙara sauƙi.

Na huɗu, ku zauna da hukumar ARCEP mai sa ido kan harkar sadarwa, da kamfanonin Airtel, Moov Africa, Zamani da Niger Telecoms, a tsayar da mafi ƙarancin lokacin da za a bar layin da ya yi shiru kafin a rufe shi, a kuma bayyana shi ga jama'a. Wannan kaɗai zai rage cin batiri ga duk mai karɓar saƙo kai tsaye. A wannan zama kuma a tsara yadda za a riƙa ɗaukar samfurin wayoyin da ake shigowa da su ana bincikar abin da aka cusa musu tun daga masana'anta.

Na biyar ya shafe mu masu gyara. A garuruwa irin namu mu ne muke buɗe wa mutane akwatin imel ranar da suka sayi waya. Dattijo zai miƙo sabuwar waya ya ce a haɗa masa komai. Mai gyara ya zaɓi suna, ya zaɓi kalmar sirri, sau da yawa lambar wayar mutumin ce, wani ma ya rubuta ta a littafin shago don kada a manta. Mai wayar ya tafi bai san yana da imel ba, balle ya san wa ke riƙe da mabuɗinsa. Babu wata doka ta kare bayanai da za ta yi tasiri in ba ta biyo ta teburinmu ba. Ku shirya mana horo a manyan garuruwan jihohi, ku ba mu ƙa'idar aiki a rubuce, ku kuma fitar da bayani mai sauƙi da Hausa da Zabarmanci da Barbarci da Fulatanci da Tamajak, a karanta a gidajen rediyon al'umma.

Na shida shi ne mafi nauyi, kuma in babu shi gara a bar na ukun. Kwaso sanarwa daga Kalifoniya zuwa Yamai ba zai amfani kowa ba idan kunnen da ke saurare kawai aka sauya. Jama'a ba su manta da dokar sauraren sadarwa da Majalisar Dokoki ta amince da ita a watan Mayun 2020 ba, ba su kuma manta da rufe intanet ɗin salula na kusan kwana goma bayan zaɓen Fabrairun 2021 ba. Idan suka ji tsoron sabar gida fiye da ta waje, ba wanda zai matso kusa da ita. Saboda haka a rubuta a doka cewa sabar ba za ta ajiye lissafin wanda aka taɓa ba bayan an isar da sanarwa. Ba za a miƙa bayanin kowa ba sai da umarnin alƙali. Kowace shekara hukumarku za ta faɗi yawan buƙatun da aka kawo da yawan waɗanda aka amsa. Kuma shiga tsarin ganin dama ne, wanda ya fi son wata saba ya tafi can. Na san ƙasarmu tana fama da matsalar tsaro, kuma ba mai hankalin da zai hana a bi sawun mai laifi. Hanyar yin haka ita ce ta gaban alƙali, a kan mutum sananne, bisa dalili. Addinin da mafi yawanmu muke bi ya hana bin diddigin asirin mutane a aya ta 12 ta Suratul Hujurat, kuma ya wajabta neman izini kafin shiga gidan wani. Wayar mutum a yau ta ƙunshi abin da ɗakinsa ma bai ƙunsa ba.

Wani zai ce ƙasar da ke fama da tsadar hatsi da ƙarancin ruwa ina ta ga lokacin maganar ƙaran waya, kuma masu irin waɗannan wayoyi ba su da yawa. Gaskiya ne ba su da yawa. Amma su ne waɗanda sirrin wasu yake hannunsu: mai jinyar da ta san cutar maƙwabcinka, ɗan jaridar da wani ya amince masa da magana, ma'aikacin da ke riƙe da sunayen ƴan gudun hijira. Kare wayarsu kare dubban mutane ne da ba su taɓa buɗe imel ba. Kuma huɗu daga cikin roƙon nan shida za su amfani kowa da kowa, har mai wayar da ba a taɓa sauya mata komai ba. Ga shi kuma ana ta mayar da biyan kuɗi da rajista da sakamakon jarrabawa cikin waya. Tsarin da aka aza yanzu shi za a rayu da shi shekaru masu yawa, kuma gyara tun ana gini ya fi rusawa sauƙi.

Wani kuma zai ce mu ƙanana ne, manyan kamfanoni ba za su saurare mu ba. Hukumar kare bayanai ta Faransa ta ci Google tarar Yuro miliyan 50 a Janairun 2019. Maƙwabciyarmu Nijeriya, ta hannun hukumar kare masu saye, ta ci kamfanin Meta tarar Dala miliyan 220 a Yulin 2024. Ni ban ma nemi ku kai can ba. Duk abin da na roƙa a cikin gida yake: ofisoshinmu, bankunanmu, kamfanonin da ku da ARCEP kuke sa wa ido, da mu masu gyara. Ba a buƙatar izinin kowa daga waje kafin a fara.

Ranku ya daɗe, ina roƙon ku amsa wannan wasiƙa a bainar jama'a, ku faɗi abin da za a iya yi bana da abin da zai jira. Ina kuma roƙon ku turo wakilanku jihar Damagaram su zauna da masu gyaran waya, da ɗalibai, da ma'aikatan lafiya, su ji daga bakinsu. In sun iso Mirriya za su tarar da mu a shirye, da wayoyi a hannu, mu nuna musu duk abin da na faɗa ɗaya bayan ɗaya. Ɗan Nijar yana da haƙƙin ya ji saƙonsa a kan lokaci, yana kuma da haƙƙin sirrinsa ya zauna nasa, kuma doka ta ɗora muku tabbatar masa da su biyun.

Allah ya ba ku ikon sauke wannan nauyi, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum.

Naku mai biyayya,
Wani mai gyaran salula,
Mirriya, jihar Damagaram.